Yadda Na Miƙa wa Surukina Doya da Manja

Ku matso kusa, manya da yara. Mai waya ya kifa ta, mai goyo ta gyara zama. Ga ta nan tafe gare ku, sai dai wannan ba tatsuniya ba ce, da rana tsaka ta faru, a gaban mutane. Ni ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Jikata Zainabu ce ke rubutawa ina faɗa, na kuma ce mata kada ta gyara mini magana. Dukanku kun ga hoton nan mai motsi da ya yi ta yawo a wayoyi, inda aka gan ni a bakin teku ina ba mijin 'yata abinci hannu da hannu, kun kuma ji abin da aka ce a kaina. To yau ku ji daga bakin mai shi.

A ƙasar Zariya aka haife ni, amma aure ya kai ni Fatakwal ina da ƙuruciya, don kakanku fataucin shanu yake yi. A can na koyi yin manja wurin matan unguwarmu, na iya shi har suna aiko mini da kwakwarsu ta manja. Da Allah ya yi masa rasuwa na kwaso yara muka dawo gida. Autata Hadiza ita ta yi karatun jinya, ta samu aiki a wani asibiti a Doha, ta auri wani yaron unguwarmu da ke tuƙa motar ɗalibai a wata jami'a a can. Sunansa ba zai fito daga bakina ba, kun sani. Baban Nana nake ce masa.

Wankan jegon haihuwar Nana ya kai ni. Ranar da na fara shiga jirgin sama na riƙe hannun kujera har yatsuna suka yi tsami, amma da na leƙa na ga gari ya fito daga cikin teku yana ƙyalli, sai na manta da tsoro na kama salati da ƙarfi. Gidansu a unguwar Muntaza yake, a saman bene, ciki da falo. Su suna ciki, ni ina falo. Na ce ai ba komai, in an yi arba'in zan kama hanya. Ba a yi arba'in ɗin ba korona ta sauka. Aka rufe filin jirgi, aka rufe masallatai, aka sa wa kowa takunkumi. Hutun Hadiza na ƙarewa asibiti suka kira ta, jami'a kuwa aka kulle ta, motar Baban Nana ta kwanta. Sai ga gida ya rage daga ni sai jaririya sai surukina.

Ku yaran yanzu ba za ku gane nauyin wannan ba. Yadda muka taso, suruki ba ya zama inda surukarsa take, ba ya haɗa ido da ita, balle ya ci abinci tana gani. In ya hango ta a hanya sai ya cire takalmi ya durƙusa, ko ya sake lungu. A gida wannan ba wuya, akwai zaure, akwai tsakar gida, akwai ƙofar baya. A Muntaza ƙofa ɗaya ce, kuma ta kan shimfiɗata ake bi. In zai fito sai ya yi gyaran murya, in juya fuska bango, ya wuce da sanɗa kamar mai tsoron tada maciji. Abincinsa Hadiza ke zuba masa a kwano kafin ta fita, ya ɗauka ya sauka ya zauna a matakalar bene ya ci. Lokacin zafin nan nasu da ke dafa ƙwai a kan mota, nan yake wuni. 'Yarsa tana kuka yana ji ta bayan ƙofa, ba zai shigo ya ɗauke ta ba don tana cinyata. Ni kuma a lokacin daɗi nake ji, ina cewa Allah ya ba 'yata miji mai tarbiyya.

Da aka buɗe hanya ban tafi ba, don babu mai riƙe Nana in uwarta na wurin aiki. Shi kuwa da jami'a ta dawo sai ya samu gado a masaukin direbobi, ya ce wai ya fi kusa da aiki. Ya koma zuwa gida ranar Juma'a kawai. A haka Nana ta yi rarrafe, ta yi tafiya, ta fara magana, in ya shigo sai ta ɓuya a bayana tana leƙensa. Shekarar da za a yi gasar ƙwallon duniya Hadiza ta sake samun ciki, mai wahala, ƙafafunta suka kumbura, likita ya ce jininta na hawa. Wata rana da hantsi na same ta a kicin tana kuka a kan tukunya. Sai da na tambaye ta sau biyu sannan ta ce:

"Inna, ni ban san ko ina da miji ba. In kin tafi ba ni da kowa, in kina nan ba ni da shi."

Na auna, na ga aure ya fi ni. Na ce a yanka mini tikiti, da an gama ƙwallo zan koma Zariya, haihuwar kuma Allah ya kawo ta da sauƙi. Aka yanka. Ba wanda ya yi murna a cikinmu, amma ba wanda ya ga wata hanya.

Ana cikin haka sai ga saƙo ya zo mini ta bakin Hadiza, don mijinta ba zai iya faɗa mini ba. A jami'arsu akwai wata malama, Dakta Sari, mutuniyar Indunusiya, wadda ke fita da ɗalibai cikin jama'a suna wayar da kai. Shi ke kai su wani wuri arewa da gari, inda itatuwa ke tsirowa a cikin ruwan gishiri. A mota ya ji tana ba su labarin manja tana nuna musu hotunan injina, sai ya yi ƙarfin hali ya ce surukarsa da hannu take yin sa. Dakta ta ce sai ta gan ni. Ta zo har Muntaza, 'yar ƙaramar mace mai lulluɓi da yawan dariya, ta kama hannuna ta ɗora a goshinta kamar yadda suke yi wa manya a garinsu. Ta ce baƙin duniya za su cika ƙasar, tana so ta kai wasu su ga itatuwan nan, su kuma ga yadda ake fitar da manja tun daga kwakwa, don da yawansu suna cinsa a biskit, suna wanka da shi a sabulu, ba su taɓa ganin uwarsa ba. Na ce ni da ban iya Turanci ba sai na kasuwar Fatakwal? Ta ce Hadiza za ta fassara. Na ce to ina kwakwa, ina turmi? Ta ce wannan aikinsu ne.

Ku zo ku ga shiri. Ni da na shekara biyu da wani abu ba ni da aiki sai goyo da leƙen taga, sai ga ni ina ba da umarni. Kwakwa a wurin wani ɗan Zangon Kumasi mai kanti aka samo ta, daskararra a firji, na matsa na shinshina na ce ta yi. Turmi kuwa Baban Nana ya zaga kasuwar Souq Waqif yana aiko hoto a wayar Hadiza, ina cewa wannan na dakan yaji ne, wancan na ado ne, har ya samo wani mai zurfi da taɓarya biyu. Na sa aka sayo doya, na ɗinka sabon zane. Garin kuma ya rikice, tutoci ko'ina, mutane kala-kala suna bin titi da ganguna, Nana tana tsalle a taga tana cewa yalla, yalla, wato mu je da Larabci.

Ranar tafiya da safe Hadiza ta tashi da jiri, ta auna jininta ta ce ba za ta iya shiga mota ba. Wata maƙwabciyarmu ta zo ta zauna da ita da Nana. Aka kira Dakta, ta ce babu damuwa, ai direban yana jin Hausa da Turanci. Na ji kamar in ce na fasa. Amma kwakwa tana mota, mutane suna jira, kuma gaskiya raina yana son zuwa. Na shiga na wuce can kujerar ƙarshe, shi yana gaba, ya karkatar da madubi don kada ya gan ni.

Muka bi ta birnin Lusail, dogayen benaye suna murɗewa sama kamar igiya, muka fita sahara, muka wuce wani filin ƙwallo da aka gina kamar tanti. Sai kawai na ga kore. Ban san lokacin da na miƙe tsaye a mota ba. Itatuwan Fatakwal ne, waɗanda muke gani a bakin ruwa in mun je sayen kifi, sai dai na nan gajeru ne. Ruwa ya janye, saiwoyi sun tsattsago daga laka sun miƙe sama kamar tsinke, ƙananan ƙaguwa suna gudu a tsakaninsu. Warin lakar nan ya doke ni, sai na ga kaina ina yarinya da goyon babban ɗana.

Aka ɗora kwakwa a kan gas can nesa da itatuwa, don ba a yarda a hura wuta kusa da su ba. Kafin ta dahu Dakta ta ja mu yawo a kan wata gadar katako, ɗalibai da baƙi masu rigunan ƙwallo, har da wani dattijo mai farin gemu daga manyan jami'ar. Baban Nana yana bayana nesa, yana fassara mini yana kallon ruwa. A nan na ji abin da ban taɓa sani ba duk zamana a Fatakwal. Ashe tsinkayen nan hancin itacen ne, da su yake shan iska. Ashe shi ke riƙe gaɓa kada teku ta cinye ƙasa, a gindinsa kuma kifi ke renon 'ya'yansa. Mu a da itacen yin bandar kifi muka ɗauke shi. Dakta ta ce in lashi bayan ganye, na lasa, gishiri zalla, itacen ne ke tofar da shi. Na yi dariya har ɗankwalina ya zame. Ta ce a ƙasarsu an share dazuzzuka, har da irin wannan, an shuka kwakwa iyakar ganin ido, shi ya sa wasu ke zagin manja, alhali laifin na haɗama ne. Tana so mutane su ga su biyun a wuri guda, su san ana iya cin ɗaya ba a kashe ɗaya ba.

Da muka dawo kwakwa ta yi laushi. Aka ba Baban Nana lasifika ya tsaya can gefe ya ba ni rabin baya, ni kuma na dubi tukunya ina yi mata magana. Sai in ce, a gaya musu a juye ta a turmi da zafinta. Sai ya faɗa da Turanci yana kallon sama. Dakta ta lura, ta tambaye shi a hankali ko faɗa muka yi, ya ce a'a, girmamawa ce. Ta gyaɗa kai, amma na ga ba ta gane iyakar abin ba.

Na fara daka don su ga yadda ake yi, a hankali, a saɓule naman kada a fasa ƙwallon. Sai wani ƙaton Bature mai fenti a kumatu ya karɓi taɓarya, ya ɗaga ta kamar zai kashe sa, ya sauke, kwakwa ta yi tsalle ta bi mutane. Aka watse ana dariya. Na kama hannunsa na gyara masa. Wasu 'yan mata biyu 'yan ƙasar suka naɗe hannun abaya suka karɓa, na yi musu waƙar daka irin tamu, kafin a jima sun kama lugude, baƙi suna tafi. Muka juye a ruwa, na sa hannu ina murzawa ina tsame ƙwallo da zare-zaren, na nuna musu ƙwallon na ce a cikinsa alayyadi yake, zaren kuma a busar a hura wuta, ba abin yarwa. Aka mayar da ruwan kan wuta. Na ce kowa ya matso ya zuba ido. Ya tafasa, ya tafasa, sai ga manja yana tasowa, ja wur, yana taruwa a sama. Aka ɗauki sowa. Na yaɗe shi da ludayi na ƙara soya shi har ruwan ya ƙone. Ƙamshin ya bi iskar teku. Wata mata 'yar Barazil ta dafe ƙirji ta ce ƙamshin kicin ɗin kakarta ke nan. Ban taɓa jin girman sana'ata irin na ranar ba.

Aka yanka dafaffiyar doya a faranti, na barbaɗa gishiri na kwarara manja. Sai Dakta ta ɗaga hannu ta yi magana, mutane suka yi murmushi suka ɗaga wayoyi. Na jira fassara, shiru. Ta sake faɗa. Sannan Baban Nana ya fassara.

"Wai a garinsu, in an yi abincin taro, wanda ya dafa shi ke ɗaukar na farko ya miƙa wa wanda ya fi so ya girmama a wurin. Sai ya ci sannan kowa ya ci."

Na san wanda take nufi. Dattijon nan mai farin gemu har ya fara gyara zama a kujera. Da na ba shi, da an tafa an tashi lafiya, da ba ku taɓa jin wani abu ba. Na ɗauki doyar na juya, sai idona ya faɗa kan Baban Nana, karo na farko da na dube shi sosai tun ranar ɗaurin aure. Ya rame. Furfura ta fito masa a gefen kunne, yaron da ban daɗe da gani yana buga ƙwallo a ƙofar gidanmu ba. Tun safe bai sa komai a baki ba, ya ɗauki turmi, ya ɗauki tukunya, ya ara mini bakinsa. Kuma na san in an fara ci zai sulale ya koma bayan mota da nasa. Na tuna Hadiza kwance da kumburarrun ƙafafu. Ƙafata ta ɗauke ni, na taka yashi har inda yake.

"Karɓi, ɗana."

Ya dube ni, ya dubi ƙasa, lasifikar ta kusa faɗuwa. Ya durƙusa a kan yashi.

"Inna, a yi mini rai. Mutane na kallo."

"Su kalla. Karɓi ka ci."

Ya sa hannu biyu ya karɓa, ya fara juyawa zai fuskanci teku.

"Nan za ka juyo. A gabana za ka ci, yau da gobe da jibi, a nan da can gida. Na gaji da ganin kwano yana sauka bene."

Ya ci. Manja ya gangaro masa har gwiwar hannu, hawaye na bin kumatunsa, mutane suna ta tafi, su a ganinsu wasa ne mai kyau. Dattijon ma ya tafa. Dakta kaɗai ta rufe baki da hannu, don ta fara ganewa. Aka faɗa wa doya, kafin ka ce me faranti ya koma fari. Da ruwa ya dawo aka sa ni a kwalekwalen roba ni da Dakta, muka ratsa cikin itatuwan, wasu dogayen tsuntsaye masu jan fiffike suka tashi a gabanmu, ina ta kabbara. A hanyar dawowa a bayan direba na zauna, na ce masa ya rage gudu, ya ce to, Inna.

Da muka isa gida ya tsaya a bakin ƙofa kamar baƙo. Na ce ya shigo ya zauna. Ya zauna a ƙasa a falo, na zuba masa tuwo, na zauna a kujera ina kallo. Hadiza ta fito tana dafa bango, ta gan mu, ta koma ciki, ta sake fitowa. Nana ta daɗe tana leƙensa daga bayana, sannan ta je ta tsoma hannu a miyarsa. A makon nan ya kwaso kayansa daga masaukin direbobi, aka mayar da tikitina.

Hoton kuwa ya riga mu isa gida. Wani ya sa shi a waya, daga waya zuwa waya har Zariya. Washegari Hajiya Ladi, mahaifiyarsa, ta kira. Ƙawata ce tun kafin a haife su, tare muke zuwa biki da makoki. Ba ta amsa gaisuwata ba. Ta ce ta yi wa ɗanta tarbiyya ta miƙa mini shi da kunyarsa, ni kuma na tuɓe masa ita a gaban duniya, yanzu ko'ina ta shiga ana nuna ta. Na ce ta bari in gaya mata yadda gidan yake. Ta ce ko a rami ake zaune, suruka suruka ce. Ta kashe wayar. Ba na cewa ba ta da gaskiyarta. Abin da aka koya mata ta riƙe, kuma ni ma shi aka koya mini. Ita dai ba ta ga matakalar benen nan ba.

Hadiza ta haihu lafiya bayan ƙwallo, namiji, ubansa yana bakin ƙofar ɗakin haihuwa ni ina gefensa. Na yi mata wanka, na zauna har aka yaye shi, sannan na dawo gida da kaina, ba don an rasa wurin ajiye ni ba. Suna can har yanzu, sun koma gida mai ɗaki biyu. Nana ta shiga makaranta, ta fi ni Larabci, ta ce in ta girma likitar itace za ta zama. Dakta Sari ta gama aikinta ta koma ƙasarsu, an ce tana shuka itatuwan nan a gaɓar garinsu ita da matan masunta. Turmin yana jami'a, ɗalibai na fita da shi duk lokacin sanyi, wata 'yar Zango ce ke yi musu manjan yanzu.

Hajiya Ladi ba ta sake taka gidana ba. Na je nata sau da dama, a ce tana barci. Bara Allah ya yi mata rasuwa ba mu shirya da ita ba. Ɗanta ya taso daga Doha, ya sauka da rana, kafin ya shiga gidansu ya biyo ta nawa. Ya ce, Inna, ki taso mu je, ba zan iya shiga ɗakinta ni kaɗai ba. Na ɗauki mayafina muka tafi.